Labarin Wuya a Bakin Mata: Tarihin Wata Hanyar Ƙarfafa Juna a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nemi tarihin ƙasar Zamfara a rubuce, abin da zai fara cin karo da shi shi ne jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu da ƙaurace-ƙauracensu daga wannan birni zuwa wancan. A kan irin wannan jeri Kurt Krieger ya gina littafinsa na tarihin Zamfara wanda ya fito a 1959, kuma ko da yake Garba Nadama ya faɗaɗa fagen a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, har yanzu muryar fada ita ce ta fi kowace murya amo. Macen da ta yi fice a jerin ita ce Sarauniya 'Yargoje, wadda ake kirdadon ta yi mulki a ƙarni na 14, kuma sarauta ce ta sa aka tuna da ita. Sauran mata, waɗanda suka ɗauki goyo da kaya a duk lokacin da gari ya watse, ba su sami shiga ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa matan wannan ƙasa suna da nasu tarihin, kuma suna da hanyar adana shi, watau ba wa juna labarin wuyar da suka sha da yadda suka fita daga cikinta. Za a bi sawun wannan al'ada tun daga tsakar gida, a ga yadda Nana Asma'u ta ba ta tsari a ƙarni na 19, sa'an nan a auna ta da annobar gubar dalma wadda ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, labarin wuya yana zama ƙarfi ga mata idan ya sami abu biyu: wurin da za a jera shi kusa da labarin wata, da kuma kunnen da zai kai shi inda ake yanke shawara.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Anka da Bukkuyum da Gummi suna jere ne daga gabas zuwa yamma a kwarin Gulbin Zamfara, cikin jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1996. Ƙasa ce ta noman dawa da gero da kiwo, kuma ta daɗe da sanin tashin hankali. A cikin shekarun 1760 Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa. Daga nan gidan sarautar Zamfara ya yi ta sauya mazauni har ya zo ya tabbata a Anka a ƙarni na 19, inda har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfara, kamar yadda ake kiran na Gummi Sarkin Mafara. Bayan yaƙe-yaƙe sai yunwa ta karɓa. Michael Watts, a littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya kawo sunayen da talakawa suka laƙaba wa manyan yunwoyi, irin su Kakalaba ta 1914, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, da Muɗa ta wajen 1954. Da irin waɗannan sunaye tsofaffin mata ke ƙidayar shekarun aurensu da na haihuwarsu, don haka ba za a raba tarihin rayuwar mace ɗaya da tarihin ƙasar baki ɗaya ba.

3.0 Wuraren Ba da Labari da Ƙa'idojinsa

Kafin a yi batun abin da labarin wuya ke haifarwa, ya kamata a san inda ake ba da shi da kuma dokokin da ke tattare da shi, domin ba a ko'ina Bahaushiya ke buɗe cikinta ba. Kunya da kara da haƙuri su ne ma'aunin mutuncinta. Ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kai ƙarar miji a bainar jama'a, kuma idan ta yi rashi ana sa ran ta daure. Mai kallo daga nesa sai ya ɗauka an rufe mata baki ke nan. Amma al'adar da ta kafa wannan shinge ita ce kuma ta bar ƙofofi a jikinsa.

Ƙofa ta farko ita ce waƙar aiki. A bakin turmi da dutsen niƙa da wurin daɓe, mace na iya faɗin abin da ke ranta game da kishiya ko uwar miji ko rowar maigida ta hanyar habaici, ba tare da an kama ta da laifin rashin kunya ba, tun da waƙa ce. Ta biyu ita ce taron biki da suna da zaman makoki, inda mata kaɗai ke cika ɗaki. A gidan rasuwa, musamman, ba a tsayawa ga addu'a kawai. Tsohuwa takan zauna kusa da wadda aka yi wa rashi ta lissafa mata nata 'ya'yan da ta binne, da yadda ta ci gaba da rayuwa bayansu. Ta uku ita ce ƙawance da zaman jego, lokacin da yarinya mai haihuwar fari ke komawa gidan iyayenta ta yi kwana arba'in a hannun ungozoma da tsofaffi, tana jin labarin naƙuda da goyo da yaye daga bakin waɗanda suka riga ta.

Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika lura da ita ba, watau suna. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna ƙanana, wadda ake kira mai wabi, takan laƙaba wa wanda ya zo daga baya suna irin su Ajuji ko Ayashe ko Ajefas ko Barmani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sunaye taƙaitaccen tarihi ne. Duk macen da ta ji an kira yaro Ajuji ta san abin da uwarsa ta gani ba sai an gaya mata ba, kuma ta san wadda za ta nufa idan irin wannan ƙaddara ta faɗa mata.

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a rubuce game da wannan duniya ta mata ita ce ta Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954. Baba ba Bazamfara ba ce, amma abubuwan da ta bayyana, irin su harin bayi da fansar matan da aka kama, da aure-aurenta, da rashin haihuwarta da riƙon 'ya'yan dangi, da amanar da ke tsakanin ƙawaye, duk abubuwa ne da matan ƙasar Hausa suka yi tarayya a cikinsu. Abin lura a nan shi ne ƙwarewar da ta nuna wajen tsara labarin. Ba a gaban Baturiya ta koyi wannan ba. Ta zo da shi ne daga zaman tsakar gida na shekaru saba'in.

4.0 Daga Wa'azin Zamfara zuwa 'Yan Taru

Zamfara tana da matsayi na musamman a tarihin ilmin mata a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta a ƙarshen shekarun 1780, kuma mata suna halartar majalisinsa. A wannan zama ne wani malami, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a kan barin mata su zo wurin wa'azi, sai Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar masa da amsa a waƙe, kamar yadda ya kawo a Tazyinul Waraƙati. Hujjar Abdullahi ita ce barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman sani muni. Ashe ke nan a kan matan Zamfara aka yi ɗaya daga cikin muhawarorin farko game da haƙƙin mace na ta ji, ta kuma tambaya.

Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma tana cikin jama'ar da ta sha yunwa da ciwo da gudu, har da zaman Sabon Gari na ƙasar Zamfara a 1805. Da ta girma ta tarar da ƙasa cike da zawarawa da marayu da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu. Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Asma'u, su koyi waƙoƙin addini su koma su koyar da matan aure da ba su iya fita. Jean Boyd, a littafinta na 1989 a kan rayuwar Asma'u, ta nuna cewa malfar nan alama ce da matan Gobir suka riga suka sani a kan Inna, shugabar bori, don haka Asma'u ta ɗauki abin da mata suka saba da shi ne ta juya shi zuwa wata manufa.

Abin da ya shafi batunmu kai tsaye shi ne marsiyyoyinta. Asma'u ba ta taƙaita makokinta ga Shehu da Bello da Giɗaɗo ba. Ta yi wa aminiyarta A'ishatu, ta yi wa Zaharatu wadda ke taimakon mata wurin haihuwa, ta yi wa jajinta Hauwa'u, ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima. A cikin waɗannan waƙoƙi ta lissafa ayyukan yau da kullum, irin su jinya da sulhunta dangi da ciyar da baƙo da daurewa a kan rashi, ta ɗauke su a matsayin abin da ya cancanci a rubuta a kuma haddace. Haka kuma a waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka ta jera matan farkon Musulunci tare da matan zamaninta a sahu ɗaya. Ta haka labarin da a da yake ƙarewa a ɗakin makoki ya sami takarda, ya sami mai ɗaukarsa daga gari zuwa gari, ya kuma sami kunnen masu mulki, tun da mai tsara shi 'yar Shehu ce, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Sharuɗɗan nan biyu da aka ambata a gabatarwa sun cika a nan.

5.0 Annobar Dalma ta 2010

Bayan fiye da ƙarni ɗaya da rabi, wani bala'i ya sake gwada wannan al'ada a yammacin Zamfara. Farashin zinariya ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya daga 2008, sai manoma da yawa suka koma haƙar dutse. Maza kan kawo dutsen gida a buhuna, a farfasa shi, a niƙa, a wanke, a fitar da zinariyar da zaiba. Matan kulle, waɗanda dama sana'arsu ta cikin gida ce, suka sami abin yi mai kawo kuɗi fiye da ƙuli-ƙuli da fura. Abin da ba wanda ya sani shi ne dutsen yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ƙurarsa ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe, ta kuma shiga abinci, domin sau da yawa turmin da aka daka dutse da shi da injin da aka niƙa shi, su ne kuma na hatsi.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke sa ido a kan sanƙarau, suka lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyuka. A watannin Mayu da Yuni masu bincike daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da jami'an lafiya na Nijeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu. A gidaje 119 suka tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a cikin shekara ɗaya, watau ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. Daga cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalmar da ta kai matakin da dole a ba su maganin fitar da ita. Kashi biyu cikin uku na gidajen suna sarrafa dutse a cikin gida.

Ya kamata a tsaya a yi tambaya a nan: daga ina waɗannan alƙaluma na mamata suka fito? A ƙauyukan babu rajistar haihuwa balle ta mutuwa, kuma ana binne yaro a ranar da ya rasu. Jini da ƙasa ana iya auna su da na'ura, amma yaron da ya riga ya kwanta dama ba a san da shi ba sai ta bakin mutanen gidansu. Wane ne kuma ya san ranar da ciwon ya fara, da ko ya yi amai, da ko idonsa ya kafe, in ban da wadda ta kwana da shi a hannu? Saboda haka ginshiƙin wannan bincike na kimiyya shi ne labarin wuya, irin wanda aka saba bayarwa a zaman makoki. Bambancin kawai shi ne an jera shi. Mutuwar yaro ɗaya a gida ɗaya, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suka saba ɗaukar yara, ana karɓarta a matsayin ƙaddara a yi haƙuri. Amma da aka ajiye labarin wannan gida kusa da na wancan har sau ɗari da wani abu, sai siffar annobar ta fito fili, aka kuma ga tana bin dutse.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An buɗe wuraren jinya a asibitocin Bukkuyum da Anka, inda uwaye suka yi makwanni tare da 'ya'yansu ana ba su maganin. Sarakuna suka hana sarrafa dutse a cikin gari. Tsakanin 2010 da 2013 an kankare gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje 820 da wuraren niƙa a ƙauyuka takwas, cikinsu har da Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, aka zuba sabuwa, kuma yara 2,349 suka sami magani. Duk da haka yaran da suka mutu sun haura 400. Sauran aikin kuwa, watau raba turmin hatsi da na dutse, da wanke hannun yaro, da hana shigo da tufafin haƙa cikin ɗaki, da kai yaro karɓar magani a kan lokaci, aiki ne da ba mai iya tabbatar da shi sai matan gida, kuma a tsakanin mata maganar wadda ta binne ɗa ta fi ta kowane jami'i nauyi.

6.0 Iyakar Abin da Labari ke Iya Yi

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa ba da labari shi kaɗai yana warkar da komai. Misalin Bagega ya isa hujja. An san halin da garin ke ciki tun 2010, amma likitoci ba su iya fara ba da magani ba, domin ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙasar da ta gurɓata shi. Iyaye sun faɗi abin da ya same su, ƙungiyar Human Rights Watch ta yaɗa shaidarsu ga duniya a farkon 2012, wasu matasa 'yan Nijeriya suka yi ta matsa wa hukuma lamba ta intanet, amma sai a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin gyaran. Labarin yana nan tun farko. Kunnen da zai kai shi inda ake yanke shawara ne ya yi nawa, kuma yara ne suka biya kuɗin wannan jinkiri.

Haɗari na biyu shi ne zargi. Binciken 2010 ya nuna cewa yaron da uwarsa ke aikin dutse ya fi shiga haɗarin mutuwa. Gaskiya ce ta ƙididdiga, amma idan aka faɗe ta ba tare da hikima ba sai ta zama tuhuma a kan macen da ba ta haƙo dutsen ba, ba ta kawo shi gida ba, ba ta kuma san abin da ke cikinsa ba. Macen da ta ji za a ɗora mata laifin mutuwar ɗanta ba za ta sake buɗe baki ba. Haɗari na uku shi ne a mayar da wuyar mutane haja, a ɗauki hoton mace da hawayenta a tafi da su, ita kuwa ba ta san inda aka kai su ba, ba ta kuma ga abin da suka jawo ba. A tsarin tsakar gida, wadda ta ba da labari ita ma ana ba ta, kuma amana ce ke riƙe da zancen. Duk tsarin zamani da ya karɓa bai mayar ba ya saɓa wa wannan ƙa'ida.

7.0 Kammalawa

An ga yadda labarin wuya yake da wurarensa da dokokinsa a rayuwar matan Hausa, da yadda Nana Asma'u ta ɗaga shi zuwa rubutu da tsari, da yadda ya zama tushen gano annobar da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum. Al'adar ba ta tsaya ba. Ta shiga ƙagaggun labarai tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980 da littattafan Balaraba Ramat Yakubu, ta kuma shiga gasar Hikayata wadda Sashen Hausa na BBC ya buɗe wa mata a 2016. Sai dai waɗannan hanyoyi na masu ilmin boko ne, kuma mafi yawan matan ƙauyukan Zamfara ba su kai gare su ba.

A halin kuwa wuyar ba ta ƙare ba. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022, da ambaliyar da ta ci Gummi a watan Agusta na 2024, sun raba dubban mata da gidajensu. Idan gari ya watse, tsakar gidan da ake ba da labari a cikinta ita ma ta watse, tsohuwar da ke riƙe da tarihin dangi takan rasu a gudun hijira ba wanda ya ji ta bakinta. Wannan ya ɗora nauyi a kan sassan nazarin Hausa da na tarihi, musamman na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ana bukatar ɗalibai mata waɗanda za su iya shiga gidajen kulle, su ɗauki maganar da karin harshen masu ita ba tare da mayar da ita Daidaitacciyar Hausa ba, su nemi izini, su sakaya sunan wadda ta so a sakaya, su kuma koma su karanta wa matan abin da aka rubuta. Yaran da suka tsira daga dalma a 2010 yanzu sun zama samari da 'yan mata, uwayensu kuwa yawancinsu suna raye, kuma su ne kaɗai za su iya faɗin yadda shekarar ta kasance daga cikin ɗaki.